Wai da gaske kuɗin caca ne ya ɗaga wasannin Ingila? A warware min

Kocin_Layi:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda ke zaune Ingila ko masu bin irin wannan harka ku raba mu gardama, jiya muka yi ta a teburin mai shayi har shayina ya huce ban kurɓa ba. Ni yara nake koya wa ƙwallo a unguwarmu nan Kaduna, 'yan ƙasa da shekara 15 ne su ashirin da bakwai, ƙwallo uku gare mu ɗaya ma mai faci ya san ta kamar 'yarsa, filin firamare muke ara bayan la'asar kuma raga babu, duk wanda ya ci gol shi zai bi ƙwallon har bakin kwata ya ɗauko. To ina cikin wannan kukan ne wani abokina ya ce ai a Olamfik na Atlanta 1996 Najeriya ta fi Birtaniya a tebur, na ce ƙarya kake, ya buɗe waya ya nuna min, mu zinare biyu su ɗaya tak. Wallahi ni abin da na riƙe a kai kawai shi ne ƙwallon Kanu da Brazil da kuma 3-2 ɗin da muka ba Ajantina, su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Amokachi da Babayaro duk yaran Kaduna, na manta ma da zinaren Chioma Ajunwa na dogon tsalle. Sai ya ce wai daga wannan kunyar ne Turawan suka koma zuba kuɗin caca a wasanni shi ya sa yanzu ko ƙurarsu ba ma hangowa.

Abin da nake son sani, gaskiya ne? In gaskiya ne ta yaya gwamnati ke yi, ita ke buga cacar ko kuwa? Sannan an ce mu ma muna da irin wannan asusun a Abuja, to ina yake zuwa? Na ƙarshe kuma wanda ya fi damuna, a ce yau a kawo min ƙwallaye da jesi a ce daga can suka fito, in karɓa ko in ce a kai kasuwa?

Ɗan_Birmingham:

Wa alaikumus salam Koci. Abokinka bai yi ƙarya ba, a Atlanta Birtaniya ta 36 ta zo, zinare ɗaya a tseren kwale-kwale na mutum biyu, mu kuma muna ta 32. Abin ya kai har wasu 'yan wasansu biyu masu alkafura cikin ruwa sai da suka sayar da kayan tawagar a bakin titi saboda aljihu ya bushe, har gobe in ana ba da labarin lalacewar wancan lokacin sai an kawo wannan.

Amma gyara ɗaya, ba bayan Atlanta aka ƙirƙiro cacar ba, tana nan tun kafin nan. Gwamnatin John Major ce ta yi dokar a 1993 aka fara jefa ƙuri'ar farko ranar 19 ga Nuwamba 1994. Kuma ba gwamnati ke bugawa da hannunta ba, lasisi take ba kamfani ɗaya, Camelot ne ya riƙe tun farko har ƙarshen Janairun 2024 sannan Allwyn ya karɓa. Da fam ɗaya ake sayen tikiti, a 2013 ya koma fam biyu. A cikin kuɗin da aka tara sama da rabi yana komawa ga waɗanda suka ci, kashi 12 cikin 100 haraji ne kai tsaye, masu shago da kamfanin su ɗauki nasu, sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ware shi gefe da sunan ayyukan alheri. Wannan da aka ware shi ne maganar da kake ji. Ana tara sama da fam miliyan 30 duk sati, kuma daga 1994 zuwa cikarsu shekara 30 ya kai wajen fam biliyan 50.

To a nan ne wayon yake. Doka ce ta yanka shi tun kafin ya shigo, kashi 20 na wasanni, 20 na fasaha wato su kiɗa da wasan kwaikwayo da fim, 20 na kayan tarihi, ragowar 40 na lafiya da ilimi da muhalli da ƙungiyoyin unguwa. Akwai ma'aikatar al'adu da kafafen yaɗa labarai da wasanni, ita ke sa ido ta kuma naɗa shugabanni, amma minista ba shi ke zama ya ce a ba wane a hana wane ba, hukumomi ne daban-daban har guda 12 suke rabawa, UK Sport na manyan 'yan wasa, Sport England na wasannin unguwa, Arts Council na fasaha, BFI na fim da sauransu. Kuma akwai ƙa'idar da suke ta nanatawa cewa kuɗin ƙari ne a kan abin da gwamnati ta saba kashewa, kar ta fake da shi ta zare hannunta, ko da yake an sha kama su suna ɗan lanƙwasa wannan ƙa'idar.

Abin da Atlanta ta canja shi ne a 1997 aka yarda a riƙa ba ɗan wasa kansa kuɗin, da a gini kawai ake zubawa. Yanzu yarinyar da ke gudu ko tseren keke in ta kai wani mataki ana biyan ta kuɗin cefane da haya, manyan cikinsu na samun sama da fam dubu 20 a shekara, ga koci ga likita ga mai tausa duk an biya, ba sai ta tashi da asuba ta tafi aikin kanti ta dawo a gajiye ta yi tirenin ba. Kuma tsarin na shekara huɗu ne, ana gama Olamfik ɗin nan kowane wasa ya san nawa zai samu har zuwa na gaba. Sakamakon kuwa ga shi, Sidni 2000 zinare 11, Beijin 2008 zinare 19, Landan 2012 zinare 29 suka zo na uku, Riyo 2016 suka zo na biyu har China suka wuce. A keke kaɗai takwas suka kwasa a Beijin suka sake takwas a Landan.

Ni da idona, wurin iyon da nake kai yarana ranar Asabar akwai wani ɗan allo a jikin bango da hoton hannu an harɗe yatsu biyu, tambarin cacar kenan, shekara biyu ina wucewa ban san me yake nufi ba sai da ƙaramar tawa ta tambaye ni na tsaya na karanta. Tun daga ranar nake ganinsa ko'ina, gidan tarihi, wurin shaƙatawa, zauren taron unguwa.

Malam_Na_Zazzau:

Ɗan Birmingham ka yi bayani Allah ya saka, amma ni duk lissafin nan da kake jerowa abu ɗaya nake ji, caca ce. An sa mata riga an shafa mata turare amma ita ce dai. Ayar Ma'ida ta 90 ba ta bar wurin kwana-kwana ba, tare da giya aka ambace ta, a Baƙara kuma an ce akwai ɗan amfani a ciki ga mutane amma zunubin ya fi amfanin girma, to wurin iyo da lambar zinare ai su ne ɗan amfanin. Ka faɗa mana fam miliyan 30 duk sati, ni kuma tambayata aljihun wa ya fito? Attajiri ba ya layin sayen tikiti. Wanda ke jiran ƙarshen wata ne ke saye yana mafarki.

Kuma mu nan ba sai an ba mu labari ba. Akwai yaron da ke koyon ɗinki a layinmu, yaro mai ladabi wallahi ko ido ba ya haɗawa da kai, ya fara da naira ɗari biyu a shagon bet yana haɗa wasa goma sha biyu a takarda ɗaya, kullum sai ya ce Malam wasa ɗaya ne ya yanke ni, kullum wasa ɗaya, har ya kai ga cinye kuɗin shaddar mutane ana saura sati biyu sallah, uwarsa ce ta sayar da akuyarta biyu aka rufa asiri. A ce daga irin wannan kuɗin za a yanko kashi 20 a sayo wa yaran Koci ƙwallo? An tsiyata wan an yi wa ƙanen jesi kenan.

Koci game da tambayarka ta ƙarshe, malamai sun yi magana a kan dukiyar haram da ta riga ta shigo hannu mutum yana son rabuwa da ita, da yawa sun ce a zuba ta a abin da jama'a ke amfana da shi maimakon a ƙona, amma wannan daban yake da a kafa caca da gangan a ce don alheri ne. Ni dai ba zan nema ba. In kuma an kawo maka har fili to ka samu malamin da ka yarda da shi ka zauna da shi ka faɗa masa yadda abin yake dalla-dalla, kar ka ɗauki fatawa a waya.

Ɗan_Birmingham:

Allah gafarta Malam ban musa maka ko ɗaya ba, ni kaina ban taɓa saye ba kuma ba zan saya ba. Maganar aljihun wa, su kansu Turawan sun daɗe suna kiranta harajin talaka. Shagon da nake sayen madara akwai wata tsohuwa, da sanda take tafiya, duk ranar da kuɗin fanshonta ya shigo sai ta sayi katin kankarewa guda uku ta tsaya nan bakin ƙofa ta kankare da kwabo ta jefa a kwandon shara ta wuce, shekara nawa ina ganinta ban taɓa ganin ta yi murmushi a wurin ba. A 2015 damar cin babbar kyautar ta koma ɗaya cikin miliyan 45. A 2021 ma sai da suka ɗaga shekarun saye daga 16 zuwa 18.

Kuma rabon ma ba wai adalci ne tsantsa ba. Tun a farko aka ba gidan waƙar opera na Landan fam miliyan 78, wurin da mai sayen tikitin cacar bai taɓa taka ƙafarsa ba kuma ba zai iya biyan kuɗin kujera ba, an yi surutu sosai a lokacin. A wasanni kuma UK Sport ta daɗe tana bin tsarin in ba ka da alamar kawo lamba ba ka da ko sisi, shi ya sa a 2014 aka yanke wa ƙwallon kwando kuɗi gaba ɗaya alhali shi ne wasan yaran baƙaƙen fata da talakawan cikin gari, su kuma kwale-kwale da jirgin ruwa mai filafilai da sukuwar doki ana ta zuba musu. In ka duba masu cin lambobin nasu kusan ɗaya cikin uku makarantar kuɗi suka yi, a ƙasar da yara bakwai cikin ɗari ne kawai ke zuwa irin waɗannan makarantu.

Mu ma nan musulmi rigimar tana nan. Ƙungiyarmu ta 'yan arewa mun taɓa son buɗe ajin Hausa da ƙwallon yara na ƙarshen mako, wata 'yar'uwa ta kawo fom ta ce za a iya samun tallafi, da aka ga tambarin yatsun nan a saman takardar taro ya rabu biyu, aka kai har sallar isha ana abu ɗaya, ƙarshe dattawa suka ce a bar shi, muka koma karo-karo fam biyar-biyar. Ajin yana nan amma zauren da muke haya ba ɗumi, yara da rigar sanyi suke karatu.

Koci wani abu da na manta wanda ya fi shafarka. Filayen ƙwallon unguwa a nan yawanci ba ma ta wannan hanyar suke zuwa ba, akwai gidauniya da aka kafa a shekarar 2000 wadda Firimiya da hukumar ƙwallon Ingila da gwamnati ke zuba wa kuɗi tare, ita ke shimfiɗa filayen roba da sa fitilu. Wato kuɗin da kuke biya a gidan kallo kuna ihu wa Arsenal wani ɗan ɓurɓushinsa na zuwa ya gyara wa yaran Birmingham fili.

Baristan_Gobe:

Bari in shigo ta ɓangaren namu tunda an tambaya. E muna da shi, dokar caca ta ƙasa ta 2005 zamanin Obasanjo, ita ta kafa hukumar da ke ba da lasisi ta kuma kafa asusun amana da ake kira National Lottery Trust Fund, kuma in ka karanta ta za ka ga daga Ingila aka kwafo tunanin, kamfani ya buga ya miƙa wani kaso a yi ayyukan alheri da shi. Sun raba kayan wasanni a makarantun firamare sun kuma raba kayan asibiti a wasu wurare. Sai dai tun farko an sha kukan cewa kamfanonin ba sa miƙa abin da ya kamata su miƙa, kuma ba a yanka wa wasanni nasu kaso tsayayye kamar yadda Ɗan Birmingham ya ce ana yi a can ba, yau ƙwallo gobe gadon asibiti, ya danganta da wanda ke kan kujera.

To yanzu ma maganar ta sauya gaba ɗaya. Tun 2008 jihar Legas ta kai ƙara cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya ba tarayya, shari'ar ta yi shekara 16 tana jan ƙafa, sai ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta ce Legas ce da gaskiya, dokar 2005 ba ta aiki a ko'ina sai Abuja, kowace jiha ita ke da iko da cacar cikinta. Ma'ana Legas za ta karɓi harajinta ta more, jihohinmu masu shari'a kuma suna da ikon hanawa ɗungurungum, dama Hisbah a Kano ta rufe shagunan bet a 2024 ɗin. Saboda haka Koci ko da kana so ko ba ka so, wannan ƙofar kusan a rufe take gare ka. Abin haushin kawai shi ne rufe shago bai hana yaro bugawa a wayarsa ba, kuɗin yaranmu na fita ta intanet harajin kuma na sauka wata jihar.

Ni a ganina ma mun tsaya kallon cacar mun bar ainihin abin. Kuɗi ne aka killace shi da doka, ba ya bi ta bajat balle a ce ba a saki ba, an san adadinsa shekara huɗu gaba, kuma duk wanda aka ba an rubuta sunansa da nawa ya karɓa kowa na iya dubawa. Mu kuma fa? Paris 2024 mun tafi da 'yan wasa 88 muka dawo hannu rabbana, kamar yadda muka yi a Landan 2012, an saki biliyoyin naira amma ana dab da tafiya, kuɗin da ya kamata a ce tun shekara uku baya yana cikin cikin ɗan wasa a matsayin abinci da tirenin ya ƙare a tikitin jirgi da otal da alawus. Favour Ofili ta cancanci gudun mita 100 aka wayi gari ba sunanta a jerin, wannan ai ba rashin kuɗi ba ne. Bayan nan ne a Oktoban 2024 Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya dawo da hukumar wasanni ta ƙasa ya ba Shehu Dikko, to muna kallo.

Kuma ba sai da caca ake killace kuɗi ba, muna da misali a gida. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuɗinsa haraji ne a kan ribar kamfanoni, da kashi 2 cikin 100 aka fara, shiga kowace jami'a ko kwalejin ilimi a arewa ka ƙirga ginin da ke ɗauke da sunansu, in aka cire su wasu makarantun sai bishiyoyi. Me zai hana a yi wa wasanni da al'adu irinsa ko da rabin kashi ɗaya ne?

Maman_Iman:

Ku duk kun tafi wasanni kun bar al'adu da 'yan fim kamar ba a ambace su ba. Ni ƙanwata tana harkar kwalliya da kayan sawa a masana'antar fim a Kano, abin da suka sani daga gwamnati shi ne rajista da tacewa da dakatarwa, tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai amma asusun da furodusa zai je ya nemi tallafi ya yi fim na tarihi mai kyau fa? A 2016 gwamnatin Buhari ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa, malamai suka taso aka soke cikin 'yan kwanaki, to shi kenan an ji, amma kuɗin sai ya koma ina, an ce ga wani abin a madadinsa? Shiru. UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu a jerinta na al'adun gargajiya na duniya a 2016, ta sa hawan sallar Kano a Disambar 2024, mu ka yi ta murna a Facebook, amma je ka ga masu yin sirdi da linzami da masu rini a Ƙofar Mata ka tambaye su yaransu nawa suka tsaya koyon sana'ar.

Ɗan Birmingham tambaya, ita BBC da muke saurara ita ma kuɗin cacar ne? Don in haka ne Malam sai ya kashe rediyonsa, lol. Malam afuwan wasa nake.

Ɗan_Birmingham:

Hajiya rediyon Malam ya tsira. BBC ba ta cin kuɗin caca, kuɗin lasisin talabijin ne, duk gidan da ke kallon tashoshi kai tsaye dole ya biya duk shekara, a Afrilun 2025 an kai shi fam 174.50, ni ma ina biya ina ƙunƙuni. Sashen Hausa da aka buɗe a 1957 da sauran sassan harsuna ma'aikatar harkokin waje ce ke ɗaukar nauyinsu da, sai a 2014 aka mayar da nauyin kan kuɗin lasisin, gwamnati na ɗan ƙara musu a kai. Fim dai kam akwai na caca a ciki ta hannun BFI. Gidajen tarihi na ƙasa kuma kyauta ake shiga tun 2001, wannan daga haraji ne.

Ɗan_Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku bari mu ma mu sa baki. Mu nan Nijar muna da gidan caca na gwamnati, LONANI, amma in ka tambayi mutumen Maraɗi ko Tawa mine ne gwamnati ta yi ma wasa wanda ya gani da idonai, kokowa zai ce maka. Tun 1975 aka fara gasar takobi a Tawa, kowace shekara jiha guda ke karɓar baƙi cikin jihohi takwas, an gina filin kokowa a manyan garuruwa, rediyo da talabijin na ƙasa suna watsawa kai tsaye, ranar karon ƙarshe kasuwa kanta sai ta yi sanyi kowa na gaban akwati. Yaro na ƙauye ya san in ya kada mutane a gundumarsu za a kai shi jiha, in ya yi can za a kai shi ƙasa, ya ga Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi sau da dama ya zama mutum. Ba mu da kuɗinku ko kusa, abin da ya riƙe ta shi ne ana yin ta kuma kowa ya san za a yi.

Ku kuma kuna da dambe, ga 'yan kallo ga makaɗa ga suna har ƙasashen waje ana kallo a YouTube, amma ɗan dambe in ya karye a fage wa ke biyan ɗori? Mu ma ba wai mun tsira ba ne, Alfaga da ya kawo muna azurfa a taikwando a Riyo 2016 a Jamus ya yi tirenin nai, kafin shi kuwa tagullar Issaka Dabore ce ta damben zamani tun 1972.

Kocin_Layi:

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci, na karanta har sau biyu. Gobe zan je in ba abokina haƙuri a teburin mai shayi amma rabi kawai, tunda shi ma bai san cacar ta riga Atlanta ba. Malam na ji, dama zuciyata ba ta kwanta ba shi ya sa na tambaya, kuma yaron ɗinkin nan da ka faɗa ina da irinsa biyu a cikin manyan yarana da suka wuce, ɗaya har bot ɗinsa ya sayar. Barista maganar rubuta suna da adadi ta tsaya min a rai, don an taɓa zuwa filinmu gab da zaɓe da ƙwallo biyar da jesi saiti ɗaya da mai hoto, aka jera yaran aka ɗauka, da mota ta tashi sai muka ga ƙwallo biyu aka bari jesin kuma an ce za a kai a buga lamba a dawo da shi, yau shekara uku kenan.

Abin da zan gwada yanzu, akwai iyayen yara da 'yan kasuwar layinmu da suka ce za su iya ɗari biyar-biyar duk wata, zan sayi littafi in ba limaminmu ya riƙe kuɗin ni in riƙe rubutu, duk ƙarshen wata a karanta a gaban kowa bayan sallar la'asar. In ya taru raga zan fara saye. Barista in akwai yadda ake yi wa ƙaramin kulob rajista a jiha ba tare da an kashe kuɗi da yawa ba don Allah ka rubuto min matakan, kuma wanda ya san inda ake samun raga mai arha a Kaduna ko Kano ya faɗa min farashi.